Daga Filin Roƙon Ruwa Zuwa Zaman Sulhu: Wace Tuba Ce Ke Kawar da Hukunci?

A ƙasar Dutsi, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, babu abin da ke tayar wa manomi hankali kamar a yi shuka, gero ya tsiro ya fara rufe ƙasa, sannan sama ta ɗauke. Mako guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Ganye ya fara naɗewa tun da hantsi, jigawa ta koma fara fat, hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta watsa shi. Idan abin ya kai haka sai a ji sanarwa a masallatai cewa gobe da safe za a fita roƙon ruwa.

A ƙasa ake tafiya, cikin tsofaffin tufafi, dattawa da magidanta da 'yan makarantar allo, har filin Idi. Raka'a biyu ce ba kiran salla, sai huɗuba mai yawan istigfari, sannan liman ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, na kafaɗar dama ya koma hagu, maza su bi shi. Sai dai akwai wani sharaɗi da littattafan Malikiyya suka gindaya tun kafin a isa filin, wanda ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malaman zaure ke karantarwa har gobe, ya so a yi azumin kwana uku da sadaka, amma ya bar su ga ganin damar mutum. Abin da ya ɗora wa shugaba ya umarci jama'a da shi shi ne tuba da mayar da haƙƙin mutane. Wanda ya ci iyakar gonar maƙwabci ya janye, wanda ya danne gadon marayu ya fito da shi. Littafin ya kuma ce kada a hana wanda ba Musulmi ba fitowa a wannan rana.

Wannan haɗa masifa da tuba, da haɗa tuba da haƙƙin mutane, tsohon tunani ne ƙwarai, kuma shi ne ƙashin bayan littattafan annabawan Bani Isra'ila da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Littafin ya fito cikakke da Hausa tun 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, aka kuma sake fassara shi a ƙarshen shekarun 1970. Da shi Hausawa Kirista na Malumfashi da Ƙafur da Funtuwa suke ibada, kuma daga cikinsu aka samu Gerald Mamman Musa, wanda ya zama bishop na farko na Katolika a Katsina a Disambar 2023. Musulmi da Kirista sun saɓa kan matsayin wannan littafi, kuma ba wannan rubutu ne zai raba gardamar ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin roƙon ruwa, in ya buɗe littafin Yowel, zai tarar da wurin da ya sani.

Fara ce ta sauko wa ƙasar Yahuza, runduna bayan runduna, abin da wannan ta rage waccan ta lashe. Fari ya biyo baya, iri ya bushe a cikin ƙasa, rumbuna suka rushe, shanu na ta kuka don babu makiyaya. Yowel ya ce a busa ƙaho a tara kowa, dattawa da yara har masu shan mama, ango da amarya ma su fito daga ɗaki. A al'adarsu mai baƙin ciki rigarsa yake yagawa. Shi kuwa ya ce zuciya ake so ta karye, yaga riga ba ya isa. Bai kuma yi musu alkawarin komai ba, iyaka ya ce watakila Allah ya dube su da rahama. Wannan yanki ne Katolika ke karantawa kowace shekara ranar Larabar Toka, farkon azuminsu na kwana 40.

Wanda ya fi kowa fayyace abin da za a tuba daga gare shi, shi ne Amos. Bai fito daga gidan malanta ba. Makiyayi ne daga Tekowa, wani ƙauye kudu da Urushalima, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Sarki Yerobowam na Biyu, ya tsallaka arewa zuwa masarautar Isra'ila lokacin tana kan ganiyarta. An ci yaƙi, fatauci na tafiya, masu hali na da gidan rani da gidan ɗari da gadaje masu adon hauren giwa, wuraren ibada kuma cike suke maƙil.

Yadda ya buɗe wa'azinsa akwai hikima. Ya fara da maƙwabta: Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, kowace da laifinta na yaƙi, masu kwashe gari guda su sayar bayi, masu farke cikin mata masu juna biyu don faɗaɗa iyaka. Mai sauraro a Betel, wurin ibadar Isra'ila, dole ya riƙa gyaɗa kai yana jin daɗi. Sai ya matso kan Yahuza. Sai kuma ya sauke a kan Isra'ila kanta, kuma nata jerin ya fi na kowa tsawo. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amos ya bar su suka gama hangen na wasu, sannan ya nuna musu abin da suke tsaye a kai.

Abin lura shi ne irin laifuffukan da ya lissafa musu. 'Yan kasuwar hatsi suna ƙosawa ranar hutu ta wuce su kwance buhu, suna rage mudu, suna murɗa ma'auni, suna share ƙasan rumbu su haɗa da tsaba su sayar. Alƙalai na karɓar cin hanci a ƙofar gari inda ake shari'a. Ana sayar da talaka saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Rigar da matalauci ya ba da jingina, wadda Attaura ta ce a mayar masa kafin rana ta faɗi don ya rufa, a kanta mai bin bashi yake kishingiɗa a wurin ibada. Wanda ya saba da kasuwar hatsi, daga Mai'aduwa har Dawanau, ba ya buƙatar tafinta a nan. Masu amana suna nan da yawa, amma kowa ya san akwai tiyar saye akwai tiyar sayarwa, akwai wadda aka bubbuge gindinta, akwai buhun geron da samansa tsaba ce, ƙasansa yashi da ƙaiƙayi. Kowa ya san mai kwashe hatsi da kaka ya kulle a sito sai Agusta, lokacin da rumbun talaka ya ƙare kuma sabo bai nuna ba, da mai ba manomi buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka. Musulmi ya san wannan gargaɗi daga ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, da kuma Suratul Muɗaffifina.

Amos ya yi maganar ruwan sama ma, kuma kwatancinsa na wanda ya san damina ne: a yi ruwa a wannan gari a hana wancan, wannan gona ta sha, ta kusa da ita ta ƙone, mutanen gari biyu ko uku su yi tattaki zuwa gari ɗaya neman ruwan sha. A wurinsa duk wannan kira ne da ba a amsa ba. Ya ce Allah ya ƙi bukukuwansu da hadayunsu da waƙoƙinsu muddin shari'a ba ta gudana. Amaziya, babban firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya kuma ce masa ya koma ƙasarsu ya nemi abincinsa a can, domin nan wurin ibadar sarki ne. A shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa, Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin Isra'ila, masarautar ta shafe.

A nan ne ya kamata a taka a hankali, domin wannan koyarwa tana da kaifi, kuma an sha yanka marar laifi da ita. Shin duk masifa hukunci ce? Masana yanayi sun danganta farin da ya addabi Sahel a 1972 zuwa 1974, da na 1984, da sauyin ɗumin ruwan teku da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka. Manomin Dutsi bai hura wannan hayaƙi ba. Amma wani Bature masanin ƙasa, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita a arewacin Katsina a shekarun 1970, ya nuna a littafinsa Silent Violence na 1983 cewa ƙarancin ruwa kaɗai ba ya bayyana yunwar ƙasar Hausa. Tun daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, haraji da bashi da halin kasuwa su ne suke raba wanda zai kai sabuwar kaka da wanda ba zai kai ba. Fari daga sama yake zuwa, amma kafin ya zama yunwa sai hannun mutum ya shiga. Amos bai san ɗumin teku ba, amma ya san wannan hannu, kuma shi ya nuna.

Shi ya sa yake da ciwo a ji mai riƙe da muƙami ya tsaya gaban 'yan gudun hijirar Batsari ko Safana ko Jibiya yana ce musu zunubanmu ne suka jawo, kowa ya koma ga Allah. Komawa ga Allah wajibi ne a kan kowa, babu musu. Amma matar da aka kashe mijinta a gona, take kwana da 'ya'yanta a ajin firamare, ba ita ce ta ci kuɗin tsaro ba. Annabawan Littafi Mai Tsarki ba su taɓa zuwa bukkar gwauruwa su ɗora mata alhakin rushewar ƙasa ba; fada suke zuwa, da ƙofar shari'a, da rumfar attajiri, da ɗakin ibada. Littafin Ayuba gaba ɗaya martani ne ga abokai uku da suka dage cewa wahalarsa shaida ce ta ɓoyayyen zunubi, kuma a ƙarshe su aka tsawata wa. A Linjilar Luka, da aka yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, Annabi Isa ya musanta cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya mayar da gargaɗin kan masu sauraronsa.

Wani abin da mai karatun gaggawa kan rasa shi ne cewa barazanar hukunci a bakin waɗannan annabawa ba rufaffiyar magana ba ce. An aiki Irmiya gidan maginin tukwane, ya tarar yumɓu ya lalace a hannunsa, ya murje ya sake gina wata. Bayanin da ya biyo baya ya fito fili: al'ummar da aka yi wa alkawarin halaka, in ta juyo, za a janye, wadda aka yi wa alkawarin alheri, in ta ɓaci, shi ma za a janye. Ana faɗar hukunci ne tun da wuri don kada ya auku.

To, wace irin juyowa? Littafin Irmiya ya ba da labarin da ya kamata duk mai zaman sulhu da 'yan bindiga a jihar Katsina ya sani. Wajen shekara ta 588 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Nebukadnezzar ta Babila ta kewaye Urushalima. Da wuya ta yi wuya, Sarki Zadakiya ya tara manyan gari a Haikali suka ɗaure alkawari cewa kowa zai saki bawansa Ba'ibrane, namiji da mace, kamar yadda Attaura ta ce a yi a shekara ta bakwai, dokar da suka daɗe da yin watsi da ita. Suka yanka maraƙi suka raba shi biyu, suka ratsa ta tsakaninsa, wato wanda ya saɓa ya zama kamar wannan dabba. Aka saki bayi. Ba a jima ba sai labari ya zo cewa rundunar Fir'auna ta taso daga Masar, Babilawa suka janye don su tare ta. Ƙofofin gari suka buɗe, numfashi ya dawo, sai masu gida suka bi bayin nan ɗaya bayan ɗaya suka sake kama su. Amsar da Irmiya ya kawo mai tsanani ce: tunda sun ƙi sakin 'yan'uwansu, su za a sake su ga takobi da annoba da yunwa. Babilawa suka dawo, birnin ya faɗi wajen 586, aka ƙone Haikali.

Mutanen Katsina sun ga irin wannan da idonsu. Gwamna Aminu Bello Masari ya karɓi makamai daga tubabbun ɓarayin shanu a Ƙanƙara a farkon 2017, ya sake shiga daji zaman sulhu a Satumbar 2019, sannan a Yunin 2020 ya ce ya janye domin an ci amanarsa. Daren 11 ga Disamba, 2020, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka Daura hutu, aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. 344 aka sako bayan kwana shida. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci ɗaukar, ya bayyana a Gidan Gwamnati na Gusau ranar 8 ga Fabrairu, 2021, ya miƙa bindigogi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya daina. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, kuma cikin 'yan kwanaki aka kashe shi a faɗa da wata daba a dajin Dumburum. Wata uku ba su cika ba. Tuban muzuru, in ji mutane, kuma ba su yi ƙarya ba.

Zuciyar mutum Allah kaɗai ya san ta, amma annabawa ba su bar jama'a cikin duhu ba, sun ba da abin dubawa. Ezekiyel, wanda ya yi annabci a cikin waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ya nanata cewa Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Sai ya faɗi alamar juyowar: ya mayar da jingina, ya biya abin da ya ƙwace. Attaura ma ta ce wanda ya cuci wani ya rantse a kan ƙarya ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, kafin ya kawo hadaya. Ɗan makarantar da ya karanta Ahalari ya san sharuɗɗan tuba uku, nadama da dainawa nan take da ƙudurin ƙin komawa, kuma Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya ƙara na huɗu idan laifin ya shafi ɗan Adam: a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi yafewarsa. Addinan biyu sun haɗu a wannan gaɓa ba tare da wani ja-in-ja ba. A tarukan sulhun da aka yi a 2025 a Jibiya da Batsari da wasu ƙananan hukumomi, an ga mutanen daji sun halarta da bindigogi rataye a kafaɗa. An sako wasu da aka kama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalansu. Amma maganar shanun da aka kora, da kuɗin fansar da aka sayar da gona aka biya, da jinin da aka zubar, ba ta samu kujera a mafi yawan wuraren ba.

Saura tambaya mafi nauyi, wadda ke cikin littafin Yunusa: idan azzalumin ya tuba da gaske fa?

Nineba, wadda kangonta ke hayin kogin Dijla daura da Mosul a Iraƙi, ƙasar da tarihin Daura ya ce daga can Bayajida ya taso, birnin Assuriyawa ce, daular da ta shahara da rashin imani a yaƙi. Zanen duwatsun fadar Sarki Sennakerib, da ke wani gidan tarihi a Landan a yau, ya nuna yadda suka ci garin Lakish a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa, ana tsire mutane ana feɗe wasu. Wurin irin waɗannan aka aiki Yunusa. A ruwayar Littafi Mai Tsarki ya gangara Yafa ya shiga jirgin Tarshish, kishiyar inda aka tura shi, har aka jefa shi teku kifi ya haɗiye shi. Da ya isa birnin daga baya, wa'azinsa jimla ɗaya ce, cewa saura kwana 40 a kife shi. Sarki ya sauko daga gadon sarauta, ya tuɓe alkyabba, ya zauna cikin toka. Shelar da ya sa aka yi ba ta tsaya ga azumi ba, ta ce kowa ya saki zaluncin da ke hannunsa. Aka janye hukuncin. Alƙur'ani ma ya keɓe mutanen Annabi Yunusa a matsayin al'ummar da imaninta ya amfane ta aka yaye mata azaba, ya ce yawansu dubu ɗari ne ko fiye. Littafi Mai Tsarki ya ce sun haura 120,000.

Littattafan biyu sun ambaci fushin Yunusa, amma sun bambanta kan lokacinsa da dalilinsa, kuma malaman Musulunci suna fassara shi ta hanyar da ta dace da darajar annabci. A ruwayar Littafi Mai Tsarki, rahamar ce ta ɓata masa rai. Ya ce dama abin da ya guda ke nan, don ya san Allah mai jinƙai ne. Ya fita gabas da gari ya kafa rumfa yana jiran ya ga abin da zai faru. Wata tsiro ta fito ta yi masa inuwa, washegari tsutsa ta cinye ta, iskar gabas mai zafi ta buge shi har ya roƙi mutuwa. Littafin ya ƙare da tambayar da Allah ya yi masa: in shi yana jin zafin tsiron da bai shuka ba, yaya ba za a ji tausayin birni mai dubban mutane da dabbobi ba? Ba a rubuta amsarsa ba.

Bai kamata a yi saurin ganin baiken mai irin wannan fushi ba. Uban da aka kashe wa ɗa, in ya ga wanda ya kashe shi yana sayayya a kasuwa da sunan tubabbe, abin da ke cin ransa ba ƙeta ba ce, neman adalci ne, kuma Shari'a ta ba shi haƙƙin ƙisasi ko diyya ko yafewa, zaɓin nasa ne ba na gwamnati ba. Duk da haka littafin Yunusa ya ƙi yarda a rufe ƙofa. A cikin dajin Rugu akwai yaran da aka haifa a tsakiyar rikicin, waɗanda ba su taɓa shiga aji ko zaure ba, akwai kuma Fulanin da su ma aka kore wa shanu, aka kashe musu dangi a hannun 'yan sa-kai ba tare da shari'a ba. Al'ummar da ta yanke cewa babu ɗaya daga cikinsu da zai iya juyowa ta yanke wa kanta yaƙin da ba shi da ranar ƙarewa. Dutsi tana can gabas, nesa da Rugu, amma tsadar hatsi da 'yan gudun hijira ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Tubar Nineba ma ba ta zama gado ba. Annabi Nahum ya zo daga baya ya kira ta birnin jini, kuma a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, Babilawa da Mediyawa suka rushe ta. Masallacin da aka gina a kan tudun da ake danganta wa kabarin Annabi Yunusa ya tsaya ƙarnuka, har ranar 24 ga Yuli, 2014, da mayaƙan ISIS suka tarwatsa shi da nakiya.

Hakimai da dagatai da malamai da fastocin da ake gayyata shaidar sulhu suna da hurumin da za su yi amfani da shi. Kafin a ɗauko Alƙur'ani a ba kowa ya dafa, a fara tambayar mutum nawa ne suka rage a daji, a kawo su. A rubuta shanu da gonakin da za a mayar, da ranar mayarwa, da wanda zai bi sawu. A saurari koken Fulanin da aka zalunta da irin kunnen da za a saurari na manoma. A kuma ajiye wa matan da aka kashe wa mazaje da marayunsu wuri a sahun gaba, a tambaye su kafin a ce an yafe.